Idan Halin Tsoho Mai Hawan Jini Ya Sauya

Ba kasafai iyalai ke kawo mana tsohonsu asibiti saboda mantuwa ba. Abin da ke taso su shi ne hali. Baban da ke riga kowa isa masallaci ya koma wuni a kan tabarma, bai ce uffan ba. Hajiyar da aka sani da kawaici ta fara zazzaga wa surukarta ashar a gaban baƙi. Tsohon ɗan kasuwar da ke riƙe lissafin shago a ka yanzu canjin naira dubu ya gagare shi. Kafin a zo wurinmu an riga an yanke hukunci a gida: gigin tsufa ne, ko rigima ce, ko kuma an yi masa wani abu. Ni kuwa a ganina, duk dattijon da ya daɗe da hawan jini ko ciwon suga, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, sannan halinsa ya juya, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa ya kamata a fara tuhuma kafin a tuhumi tarbiyyarsa ko maƙwabtansa.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da ajiya. Can cikinta akwai jijiyoyi sirara ƙwarai waɗanda ke shiga lungunan da babu wata hanyar jini sai su. Shekaru na hawan jini suna sa bangonsu ya yi kauri ya taurare, ƙofarsu ta tsuke. Wata ta toshe gaba ɗaya, naman da take ciyarwa ya mutu ya bar ɗan rami da bai kai santimita ɗaya da rabi ba, mai shi kuma bai ji komai ba, ko dai ya ji jiri na kwana ɗaya aka ce zazzaɓi ne. Wasu ba sa toshewa, sai dai jinin da suke kaiwa ya kasa, farin ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ɗaukar saƙo daga sashe zuwa sashe ya riƙa lalacewa a hankali. Otto Binswanger ya bayyana irin wannan lalacewa a Jamus tun 1894, Vladimir Hachinski da abokan aikinsa kuma suka nuna a 1974 cewa tarin ƙananan shanyewa na iya rushe tunani. Yau cutar da wannan ɓarnar jijiyoyin jini ke haifarwa ce ta biyu a cikin cututtukan da ke lalata tunanin tsofaffi, bayan cutar Alzheimer, kuma sau da yawa ana samun su biyun a kai ɗaya.

Wurin da ɓarnar ta faɗa shi ke bayyana dalilin da hali ke riga mantuwa sauyawa. Gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke tsara aiki daki-daki, shi ke tayar da niyyar yin abu, shi ne kuma ke riƙe harshe idan maganar da bai kamata ba ta taso. Wannan sashe ya dogara da dogayen hanyoyin saƙo da ke ratsa daidai lungunan da ƙananan jijiyoyin nan ke shayarwa. Kamar gidan da ƙwan fitilarsa lafiya lau amma ɓera ya ci wayar: wuta takan kama, takan ɗauke. Shi ya sa mai wannan cuta zai iya tuna sunan jikansa idan aka ba shi lokaci ko aka ɗan tuna masa, amma ya rikice a jerin alwala, ko matar da ta shekara hamsin tana tuƙa tuwo ta tsaya a gaban tukunya ba ta san me ke biye ba. Mutuwar zuciya, wato rashin sha'awar komai, tana cikin alamomin da suka fi yawa, kuma ta bambanta da baƙin ciki: idan ka tambaye shi zai ce babu abin da ke damunsa, gaskiya kuma ya faɗa. Baƙin cikin ma yana zuwa, har ya fi yawa a nan fiye da a cutar Alzheimer. Wasu kuma kuka ko dariya ke ƙwace musu ba tare da sun ji abin a ransu ba. Jiki ma yana ba da shaida. Taku yana gajarta, ƙafa tana jan ƙasa, faɗuwa tana yawaita, fitsari yana matsowa ba shiri.

Za a ce ai tsufa ya gaji haka. Gaskiya ne tsufa na rage saurin tunani, amma ba ya hana mutum gane kuɗi ko sanin hanyar gidansa, kuma kowace unguwa tana da 'yan shekara 90 da ake zuwa wurinsu neman shawara. Wata hujjar da ta fi wannan cutarwa ita ce, “Ai jiya lafiya lau ya yi hira da abokinsa, da gangan yake yi mana.” Wannan hawa da sauka yana cikin siffar cutar. Sau da yawa takan zo mataki-mataki: a faɗi, a tsaya watanni har a ga kamar an samu sauƙi, sai a sake faɗuwa idan wata jijiya ta toshe. Ko a wuni guda ma safiya takan fi yamma. Iyalin da suka ɗauki kyakkyawar rana a matsayin shaidar ƙarya sukan koma faɗa da hukunci, abin da ba ya ƙara wa mara lafiya komai sai firgici.

Akwai kuma masu danganta abin da iska ko sammu, mafi muni ma a jefi tsohuwa da maita don ta fita da dare tana sambatu. Ban ga dalilin hana iyali addu'a ga mahaifinsu ba, kuma addu'a ba ta hana a ɗaura masa ma'aunin jini a hannu. Abin da nake ja da shi shi ne watannin da ake ɓatawa. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka kuma wallafa a 2018, ya nuna hawan jini na da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankin. Nazarin da ya tattara bincike masu yawa a 2009 ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 10 na samun lalacewar tunani bayan shanyewar farko, fiye da 1 cikin 3 kuma bayan ta maimaitu. Duk watan da jini ya zauna sama da 140 bisa 90 ba magani, ana ƙara kusantar shanyewa ta gaba ne.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa tunda ba a warkewa, kashe kuɗin asibiti asara ne. Rabin maganarsu daidai ne. Naman ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya dawowa, magungunan da ake bai wa masu Alzheimer kuma amfaninsu a nan kaɗan ne. Sai dai wannan cuta, saɓanin wasu 'yan uwanta, an san abin da ke hura ta. Gwajin SPRINT MIND na Amurka ya nuna a 2019 cewa sauke jini sosai ya rage raunin tunani na farko-farko da kusan kashi 19 cikin 100. Wani gwaji a ƙauyukan China, mai mutum kusan 34,000, wanda aka wallafa a 2025, ya samu raguwar lalacewar tunani da kusan kashi 15 cikin 100, kuma ma'aikatan lafiyar ƙauye ne suka riƙa auna jini da daidaita magani, abin da bai fi ƙarfin asibitin sha-ka-tafi ba. Waɗannan gwaje-gwaje kan rigakafi ne, saboda haka darasinsu ya fi shafar ɗan shekara 45 da ya kawo mahaifinsa, wanda shi ma bai san awon jininsa ba. Ga wanda cutar ta riga ta kama, manufar ita ce hana shanyewa ta gaba: shan maganin hawan jini kullum ko da an ji garau, kula da suga, barin taba, rage gishiri da dunƙulen miya. Likita ne zai daidaita yawan maganin, domin sauke jinin tsoho mai rauni fiye da kima na jawo jiri da faɗuwa. Hoton MRI ko CT na taimakawa, amma rashin kuɗinsa ba ya hana a fara, tunda labarin da mai jinya zai bayar da gwajin tafiya da na tunani sukan nuna hanya.

Abin da na fi tsoro shi ne maganin kwantarwa da ake sayowa a kemis don gida ya samu barci. Na san gajiyar mai jinya, yawanci mace ɗaya ce, 'ya ko matar ɗa, da ba ta runtsa ba kwana da kwanaki. Amma tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa sababbin magungunan taɓin hankali na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu lalacewar tunani, a 2008 ta haɗa da tsofaffin magunguna irinsu Largactil. Valium kuwa yana ƙara ruɗewa da faɗuwa. Akwai lokacin da likita zai ba da irin waɗannan, kaɗan, na ɗan lokaci, idan ana tsoron rauni. Kafin nan a nemi abin da ya tayar da hankalin, domin wanda ya kasa faɗin ciwonsa da baki da faɗa yake faɗinsa: ciwon haƙori, taurin bayan gida, fitsarin da ya ƙi fita, ƙishirwa a zafin bazara, hayaniyar biki, ko sauya masa ɗaki. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya ya fi masa sauƙi, kuma wanda zuciyarsa ta mutu ba ya amsa “ko za ka fita?”, amma yakan tashi idan aka miƙa masa takalmi aka ce, “Baba, mu je ƙofar gida.” Idan kuwa ruɗewar ta zo cikin sa'o'i ko kwana biyu, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan sabuwar shanyewa ce ko wata cuta kamar ta mafitsara ko huhu, kuma a ranar ake kai shi asibiti.