Manɗiƙi da Lantarki: Nazari a Kan Kundin Claude Shannon

Ilmin manɗiƙi, watau ilmin auna zance don rarrabe gaskiya da ƙarya, ba baƙo ba ne ga ɗalibin harshe. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a kansa aka aza harsashin kwamfuta, kuma ɗalibin jami'a ne ya nuna hanyar.

A shekarar 1854 wani Bature masanin lissafi, George Boole, ya fitar da littafi inda ya mai da ƙa'idojin manɗiƙi lissafi. A wajensa kowace magana ɗayan biyu ce, ko gaskiya ko ƙarya, sa'an nan kalmomi irin su "da" da "ko" su ke ƙulla magana da 'yar'uwarta. Shekara tamanin da 'yan kai injiniyoyi ba su ga abin da za su yi da wannan ilmi ba.

Claude Shannon ya gamu da shi a ajin falsafa, a Jami'ar Mishigan ta Amurka. Da ya gama a 1936 sai ya koma makarantar MIT, aka ba shi kula da wata ƙatuwar na'urar lissafi ta Vannevar Bush, mai tarin makunnan lantarki. A lokacin da gwaji da ƙwarewa kawai ake haɗa irin waɗannan makunnai.

Shannon ya lura cewa makunni ma hali biyu gare shi, ko wuta ta wuce ko ta tsaya. In an jera makunni biyu a kan waya guda, fitila ba za ta kama ba sai an kunna na farko da na biyu. "Da" ke nan. In kuwa kowanne da tasa hanya, kunna wannan ko wancan ya wadatar. "Ko" ke nan. Ashe ana iya rubuta dukan haɗin da alƙalami, a rage shi ta hanyar lissafi, a zubar da makunnan da ba su da amfani, tun ba a taɓa waya ba. Har ya zana haɗin da ke tara lambobi da 0 da 1 kaɗai.

Ya rubuta kundin a 1937 don digiri na biyu, yana ɗan shekara 21, aka buga shi a 1938. Adalci ne a ambaci Akira Nakashima na Japan da Victor Shestakov na Rasha, waɗanda suka bi sawu makamancin wannan a zamanin, ko da yake kundin Shannon ne ya fi bazuwa tsakanin injiniyoyin wayar tarho, daga bisani kuma masu ƙera kwamfuta.