Matsayar Kadıköy da ba a Kadıköy take ba

A unguwar Eminönü ta birnin Santambul, a ɓangaren Turai, matsayun jiragen fito suna jere a bakin ruwa kusa da gadar Galata. Mutanen gari suna kiran kowace da sunan inda jirginta ya nufa: wannan ta Üsküdar, waccan ta Kadıköy, alhali unguwannin biyu suna can ƙetaren mashigin Bosforus, a ɓangaren Asiya.

A Turkanci ana cewa Kadıköy iskelesi. Kalmar iskele, wato matsaya, dangin scala ce ta Italiyanci, tushen da ya ba Faransanci escale. Ɗafa-ƙeyar -si kuwa ƙulla sunayen biyu kawai take yi, ba ta fayyace irin dangantakar da ke tsakaninsu. Saboda haka furuci ɗaya yana iya nufin matsayar da ke cikin Kadıköy, ko kuma wadda ake hawa jirgi a nufi can.

Wannan harshen damo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. In an ce «tashar Damagaram» a Maraɗi, inda motocin Damagaram ke lodi ake nufi. Direban da ya isa can kuwa, tashar cikin garin yake nufi. Harafin -r bai canza ba, mazaunin mai magana ne ya yanke hukunci.

Mahukuntan Hong Kong lamba suka zaɓa: a Central, jirgin Cheung Chau daga matsaya ta 5 yake tashi. Ruɗanin ya kau, sai dai lamba ba ta gaya wa baƙo inda za a kai shi, dole ya nemi allo ya karanta.