Kafin ku ɗaura niyyar kallon namun daji, ku fara duba ruwa

Wani malamin makaranta a nan Ibohamane ya same ni bayan sallar la'asar. Ya ce ƴan ajinsa sun yi karo-karo, suna son a kai su kallon namun daji a babban hutu. "Yaya," in ji shi, "ai Agusta ya fi. Daji ya yi kore shar, yara kuma ba karatu." Na ce masa, "Malam, don Allah ku riƙe kuɗin yaran nan sai bayan kaka. Idan kuka tafi a Agusta, ciyawa kawai za su gano."

Na daɗe ina aikin gandun daji, kuma wani ɓangare na aikin a gandun W na yi shi, can kudu da Yamai, inda ake shiga ta Tapoa. Tambayar da aka fi yi mini ita ce wane wata ya fi. Ni kuwa abin da aikin ya koya mini, dabba ruwa take bi. Duk wanda ya san inda ruwa yake a wata kaza, ya san inda dabba take.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kowane kwari tafki ne. Giwa ba ta da dalilin zuwa kogi tunda ga ruwa a gabanta, ɓauna da gwanki sun watsu cikin daji, gamba ta fi tsawon mutum, hanyoyi sun zama laka. Shi ya sa tun can da, lokacin baƙi a gandun W daga Disamba ne zuwa Mayu. Na taɓa bin wasu baƙi da suka nace sai sun shiga bayan saukar ruwan farko, domin hutunsu ke nan. Motarmu ta kafe tun hantsi, muka yini muna haƙa da yankan reshe muna sa wa taya, ƙudan tsando na cizonmu. Muna jin giwa tana karya itace kusa da mu, amma ko kunnenta ba mu gani ba. Har yau ina jin nauyin ranar, domin ni ne ya kamata in ce musu a'a tun daga ƙofa.

Idan kaka ta wuce, ma'aikata kan sa wutar farko a Nuwamba da Disamba, tun ciyawa na da sauran ɗanye, don kada gobarar rani ta zo ta cinye daji gaba ɗaya. Fili sai ya buɗe, toho ya fito, dabbobi masu kiwo su biyo shi. Ƙananan tafkuna suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage sai kogin Tapoa da Mekrou da ƴan wuraren da ke riƙe ruwa. A nan ne kallo yake. Wata rana a Maris na zauna da baƙi a bakin wani tafki tun kafin rana ta fito. Zabin daji ne suka fara saukowa a jere. Sai ga mugun dawa da ƴaƴansa, ya shiga laka ya yi birgima. Gwanki ya zo ya tsaya nesa kusan rabin sa'a yana shaƙar iska, kunnuwansa na juyawa, kafin ya yarda ya sa baki. Can sai birai suka yi tsit, muka ɗaga kai, ga giwaye sun fito daga cikin itatuwa ba ko motsin ƙafa, uwa a gaba, ɗan ƙarami a tsakiya. Ba mu yi tafiyar ko kilomita ɗaya ba ranar, zama kawai muka yi.

Amma akwai abin da nake so kowa ya riƙe. Watan da dabba ta fi sauƙin gani shi ne watan da ta fi shan wuya. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, haƙarƙarin ɓauna ya fito, kuma tafkin da kuka kewaye da motoci wataƙila shi kaɗai ya rage mata a duk yankin. Idan kuka matsa kusa ko kuka yi hayaniya, gwankin nan zai koma da ƙishirwarsa, ya jira dare, lokacin da zaki ke kwanto. Na sha faɗa da direbobi a kan wannan. Ga yara da dattawa kuwa, zafin bazara shi kansa haɗari ne. Saboda haka ni Fabrairu nake zaɓa, zuwa tsakiyar Maris: ruwa ya ja baya, zafi bai kai ga tsanani ba. Disamba da Janairu suna da daɗin sanyi, sai dai ranar da hazon hunturu ya sauko, abin da ke nesa ba ya ganuwa, hoto kuma ya fito fari fat. A ƴan shekarun nan azumi na faɗowa cikin wannan tsakani na Fabrairu da Maris, kuma yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a lissafa da shi.

Haka lissafin yake a Yankari ta jihar Bauchi, inda dabbobi ke taruwa a kogin Gaji da rani, haka kuma a Zakuma ta Chadi. Abin da kuke gani a talabijin na dubban dabbobi suna tsallaka kogin Mara tsakanin Tanzaniya da Kenya, daga Yuli zuwa Oktoba ne, domin lokacin ne raninsu. Wanda ya ɗauko kalandarsu ya shigo da ita dajinmu, a tsakiyar marka zai sauka.

Raƙumin dawa ne ya saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma shi ne abin alfaharinmu. Irin na Afirka ta Yamma babu shi ko'ina a duniya sai Nijar. A 1996 guda 49 kacal suka rage, yanzu sun haura 600. Da damina suna hawa tudun Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda ƙananan itatuwa suka yi ganye, kuma a lokacin ne suka fi taruwa. Da rani sai su gangara Dallol Bosso su bi gawo. Mu mutanen Adar ba sai an faɗa mana halin gawo ba: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, lokacin da sauran itatuwa suka bushe. A 2018 an ɗauki guda takwas an kai su gandun Gadabeji a gundumar Dakoro, wanda ya fi Kure kusa da mu nesa ba kusa ba.

Kafin duk wannan lissafi akwai maganar tsaro. A ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, ɗayansu jagoran baƙi ne irinmu. Gandun W, wanda aka kafa a 1954 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, yau ba wurin da zan ce wa kowa ya kai ɗansa ba ne. Faɗin haka na yi mini ciwo, amma gaskiya ce. Duk inda za ku, ku fara tambayar hukuma da ma'aikatan gandun dajin wurin, a makon tafiyar, domin labarin watan jiya ba ya aiki.

Abin da na ƙara wa malamin shi ne, muna da abin kallo a gida, muna raina shi. Shamuwa da ke saukowa kan itatuwan gari gabanin damina, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, idan kaka ta yi sai ta nufi kudancin Afirka. Tana tafiya, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna isowa, sun ƙetare teku da Sahara, su sauka a tafkin Tabalak da na Dan Dutsi, har da madatsar ruwanmu idan ta riƙe ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu za ka same su tare da kirinjijiya da zalɓe da belbela. Sannan ga tuddan nan da iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka suka gyara, suka dasa itatuwa a aikin Keita da aka fara a 1984. Inda itacen ya kama, da sassafe ina ganin sawun zomo da dila, ina jin kukan fakara.

Mun tsayar da magana a kan hutun ƙarshen Disamba, idan hukuma ta ce hanya lafiya. Za mu kwana a Tabalak, mu isa bakin ruwa kafin fitowar rana. Na ce wa malamin kowane yaro ya zo da rigar sanyi, da gorar ruwa, da littafi da fensir, kuma a gaya musu tun daga gida cewa ba a zuwa da danƙo.