Kukan Tumakin da Saul Bai Ji Ba

Karatu: 1 Sama'ila 15, Fitowa 32:1-24

Ka taɓa cin bashi a wurin wani ɗan'uwa, ka ce za ka biya ƙarshen wata, wata ya ƙare ba ka biya ba? Ka tuna yadda abin ya tafi. Makon farko kunya ce ta kama ka, in ka hango shi a ƙofar majami'a sai ka bi ta ɗaya ƙofar. Bayan wata uku kunyar ta ragu, wani abu dabam ya zauna a wurinta. Ka fara lura cewa mutumin nan yana da girman kai. Ka tuna ai shi ba ya rasa kuɗi, ga ma sabon babur ya saya. Har gaisuwarsa ta soma yi maka kama da gori. Shi dai yadda yake ranar da ya ƙirga maka kuɗin, haka yake yau. Kai ne ka sake labarin domin ka iya barci.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan abu. Wani malamin jami'a a Amurka mai suna Leon Festinger ya fitar da littafi a kansa a shekarar 1957. Bayaninsa ba shi da wuya. In mutum yana riƙe da abubuwa biyu da ba sa zama tare, misali "ni mai gaskiya ne" da kuma "na riƙe kuɗin wani", zuciyarsa takan shiga matsi, kamar mai tafiya da tsakuwa a cikin takalmi. Za mu iya kiran wannan matsi saɓanin zuci. Ba wanda yake iya jure shi na dogon lokaci. Ko dai mutum ya gyara aikinsa, ko kuwa ya gyara yadda yake kallon aikin. Gyaran aiki yana cin kuɗi, yana cin mutunci, wani lokaci sai ka tsaya a gaban wanda ka girma ka ce ka yi kuskure. Gyaran labari kuwa kyauta ne, a kan gado ma ana yin sa.

Festinger da wani abokin aikinsa, James Carlsmith, sun gwada wannan a kan ɗaliban Jami'ar Stanford, aka buga sakamakon a 1959. Sun sa kowane ɗalibi ya shafe awa guda yana wani aiki mai gundura, yana jera ƙananan abubuwa a faranti yana kwashewa, yana murɗa 'yan turaku ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai a roƙe shi ya faɗa wa wadda take jira a waje cewa aikin yana da daɗi ƙwarai. Wasu an biya su dala 20 don su yi wannan ƙarya, wasu dala 1 kacal. Daga baya aka tambaye su ra'ayinsu na gaskiya. Kana iya tsammani waɗanda suka sami dala 20 ne za su yabi aikin. Ba haka ya zama ba. Masu dala 1 ne suka fi cewa lallai aikin yana da daɗi. Mai dala 20 yana da abin da zai faɗa wa kansa: na yi ƙarya saboda kuɗi. Mai dala 1 ba shi da wannan mafaka, gama wa zai yarda ya sayar da gaskiyarsa a kan dala ɗaya? Sai ya lallashi kansa cewa ai ba ƙarya ya yi ba.

Yanzu ka koma ga Sarki Saul da wannan a ranka. An aike shi ya hallaka Amalekawa da dukan abin da suke da shi. Ya bar sarkinsu Agag da rai, ya bar tumaki da shanu masu kyau, marasa amfani ne kaɗai aka hallaka. Kafin Sama'ila ya iso, har Saul ya biya ta Karmel ya kafa wa kansa abin tunawa. Da suka sadu a Gilgal, Saul ne ya fara magana, da sa albarka, yana shaida cewa ya cika umarnin Ubangiji. Ni dai ban ga alamar cewa yana jin ƙarya yake yi ba. Ina ganin tun a hanya ya gama shirya labarin, ya kuma gaskata shi. Sama'ila bai yi gardama da shi ba, sai ya tambaye shi kukan tumaki da na shanun da yake ji. Dabbobin suna nan kusa, kowa yana jin su, sai mutum ɗaya.

Ka bi amsoshin Saul a hankali. Da fari ya ce mutane ne suka bar dabbobin. Sa'an nan ya ce domin hadaya ga Ubangiji aka bar su. Da aka matsa masa ya sake cewa ai ya yi biyayya. Sai can ƙarshe ya yarda cewa tsoron jama'a ya ji, kuma ko a nan abin da ya roƙa shi ne Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Hujja ta biyun ce ta fi haɗari gare mu, domin ta sa rigar sujada. Wanda bai san Allah ba yakan ce kowa ma haka yake yi. Mai bi yana da kalmomi masu tsada fiye da haka. Gulma takan fito da sunan "don mu sa shi a addu'a". Kuɗin da aka ci ba bisa ƙa'ida ba a wurin aiki yakan koma "buɗi" da zarar an fitar da zakka daga ciki. Zagin da ka yi wa matarka yakan zama kishin gaskiya. Idan an ce maka ka yi kuskure, sai ka ce magabta ne suka taso maka.

Haruna ma ya yi nasa. Littafin Fitowa ya nuna shi ne ya karɓi zinariyar, shi ne ya siffanta maraƙin da hannunsa. Amma da Musa ya tambaye shi, sai ya ba da labarin kamar wuta kawai ya jefa zinariyar a ciki, maraƙi ya fito da kansa.

Akwai wani wuri da wannan ya shafe mu, ko da yake ba ma son taɓa shi. A 1954 wata mata a yankin Shikago ta ce ta karɓi saƙo cewa ambaliya za ta hallaka ƙasa ranar 21 ga Disamba, amma za a zo daga sararin sama a kwashe mabiyanta da tsakar dare. Wasu sun bar aikinsu, wasu sun rabar da kayansu. Festinger da abokansa sun shiga cikin ƙungiyar don su ga abin da zai faru. Bisa ga labarin da suka buga a 1956, tsakar dare ya wuce ba abin da ya zo, aka zauna jugum. Gab da asuba matar ta ce sabon saƙo ya iso: saboda amincin wannan ƙaramin taro an fasa hallaka duniya. Waɗanda suka fi sadaukarwa suka karɓi wannan da murna, har suka shiga kiran 'yan jarida. Mun gaskata Ruhu Mai Tsarki yana magana har yau. Saboda haka ne ya kamata mu ji tsoron abin da muke yi sa'ad da wani ya sa rana da sunan Ubangiji, ranar ta zo ta wuce. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta ba da ma'auni, wato ko maganar ta cika ko ba ta cika ba. Gaskiya ne an ɗage hukuncin Nineba, amma a can birni guda ne ya tuba kowa yana gani. In ka sayar da fili saboda wata magana kuma ba ta cika ba, ka sani zuciyarka za ta fi son kowane bayani a kan ta ce an yi kuskure.

Wani abu kuma: hujja ba ta tsayawa a kan laifi ɗaya. Judson Mills ya auna ra'ayin yara 'yan aji shida game da maguɗi a 1958, sa'an nan ya sa su gasa mai kyauta inda akwai damar yin maguɗin. Waɗanda suka yi, ra'ayinsu ya sassauta, suka ga abin ba wani babban laifi ba ne. Waɗanda suka daure kuwa suka ƙara tsanani a kan masu yi. Abin da ka aikata jiya yana gyara abin da za ka gaskata gobe. Haka lamiri yake mutuwa, kaɗan kaɗan.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Natan ya san haka, shi ya sa bai fara da sunan Dawuda ba. Ya kawo labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, Dawuda ya husata ya yanke hukunci, sa'an nan aka nuna masa kansa ne ya hukunta. Laifin Dawuda bai fi na Saul sauƙi ba, akwai jinin Uriya a ciki. Amma amsarsa gajeriya ce, ya yarda ya yi wa Ubangiji zunubi, bai kawo Bat-sheba ko Yowab ko halin yaƙi a ciki ba. Ya iya wannan domin bege nasa yana ga jinƙan Allah. Wanda ya san jinin Yesu ne ya baratar da shi ba ya bukatar ya ci gaba da tsaron sunan "mutumin kirki", yana iya cewa ni ne na yi.

Abin yi yau: Ka ɗauki abu ɗaya da ka fi yawan bayyana wa mutane dalilinsa ba tare da sun tambaye ka ba. Ka faɗa wa kanka labarin da sunan wani, kamar maƙwabcinka ne ya yi maka shi, ka ji hukuncin da za ka yanke. In akwai wanda ka fara ƙi ba tare da ya yi maka kome ba, ka bincika ko kai ne kake riƙe da hakkinsa. In kuɗi ne, ka kira shi kafin Lahadi, ko rabi ne ka kai masa.

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe kunnena in ji kukan abin da na ɓoye a bayan shaidata. Ka aiko mini da mai faɗa mini gaskiya, ka hana ni mai da shi magabci. A cikin sunan Yesu. Amin.