Haɗa Karfasa da Tarwada a Tafki Ɗaya

Manomi, idan ka zuba karfasa ita kaɗai a tafkin ƙasa, cikin wata 5 zuwa 6 za ta fara hayayyafa, tafkin ya cika da ƙanana marasa girma waɗanda kasuwa ba ta so. Maganin wannan shi ne tarwada, domin tana cinye 'ya'yan. Sai dai ka fara zuba karfasar, ta girma ta fi ƙarfin bakin tarwada, sannan ka kawo tarwada masu girma ɗaya, don babba takan haɗiye ƙarama.

A tankin siminti kuwa, irin na gidajen Gwagwalada, a bar tarwada kaɗai. Ita tana shaƙar iska a saman ruwa, karfasa ba ta iyawa, ga zafin Maris yana rage iskar da ke cikin ruwan.