Tanadin Ranar Tsoro: Nazari Kan Tara Makamai Daga Bakin Ruwan Nansha

 

Ya 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wani saƙon murya da ƙanena ya aiko mini daga ƙauyenmu da ke yammacin jihar Katsina. Can bayan isha'i ne, nan Nansha kuwa ƙarfe uku na dare. Ya ce: "Yaya, bana ba kuɗin taki nake nema ba. Kai da kake loda kwantena kusan kowane wata, ba za ka saka mana ko guda biyu a ƙarƙashin tayil ba? In ba zai yiwu ba, turo kuɗin, mun san inda za mu samo." Bai ambaci sunan abin ba, ni ma ban tambaya ba. Kwana uku kafin nan an shiga ƙauyen da ke gabas da namu, an kora shanu, an tafi da mata.

Na san ba ni kaɗai ake aiko wa irin wannan saƙo ba. Duk ranar Juma'a da muka baro Nansha muka shiga cikin birnin Guangzhou don salla, in an zauna cin abinci a Xiaobei sai maganar ta taso. Wasu kuma suna nuna mana bidiyon mutanen Amurka masu cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa da abincin gwangwani da akwatunan harsashi, suna jiran ranar da gwamnati za ta rushe. Sai wani ya ce, ashe mu ne muke barci. Don haka na ga ya dace mu yi wa mas'alar zama na natsuwa.

Da farko, babu mai musun cewa tanadi yana cikin addini. A Suratu Yusuf, daga aya ta 47, Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa Masar noman shekara bakwai, ya kuma ce a bar hatsin a zangarniyarsa don kada ya lalace. Duk wanda ya taɓa ganin damin gero a rumbu ya san hikimar. Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga dukiyar Banun Nadir. Tirmizi kuma ya kawo labarin mai raƙumar da aka umarta ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Wanda ya ƙi tanadi yana kiran hakan tawakkali, lalacinsa ne ya sa wa rawani.

Sai dai a lura, Annabi Yusuf ya tara hatsi ne domin yunwa ce ke tafe. Tanadi yana bin siffar haɗarin da ake tsammani. Wannan shi ne ma'aunin da nake son mu riƙe.

Masu son tara makami sukan kafa hujja da aya ta 60 ta Suratul Anfal, wadda ta yi umarni da shirya ƙarfi gwargwadon iko. Ayar gaskiya ce, amma da wa take magana? Da al'umma mai jagora, mai hukuma, wadda ke da ikon ƙulla yaƙi da sulhu. Shi ya sa ayar da ke bi mata ta koma kan amsa kiran zaman lafiya. Ba ta mayar da kowane ɗan kasuwa sarkin yaƙin kansa ba. Ku dubi kuma yadda Sunna ta tsananta kan makami a cikin jama'a: an hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, an umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu kada ya yagi wani. Duka biyun suna cikin Bukhari da Muslim.

Mas'ala ta biyu ta fi shafarmu, mu baƙi. Malaman fiƙihu suna kiran wanda ya shiga ƙasar da ba tasa ba da izinin mahukuntanta musta'amin, wato wanda aka bai wa aminci, kuma sun ce ha'inci ya haramta a gare shi. Bizar da ke cikin fasfonka alƙawari ce: an buɗe maka ƙofa, kai kuma ka yarda da dokar gidan. Akwai labarin da ke girgiza ni duk lokacin da na tuna shi. Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun tare Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa a hanyarsu ta Madina, ba su sake su ba sai da suka yi alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Ana shirin Badar, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, kowane hannu ana bukatarsa. Duk da haka Annabi ya mayar da su biyun, ya ce su cika alƙawarinsu. Idan alƙawarin da aka karɓa da tilas daga hannun maƙiyi ya kai wannan matsayi, ina ga wanda muka sa wa hannu da kanmu a ofishin jakadanci?

To, mene ne dokar gidan? A ƙasar Sin, tun dokar kula da bindigogi ta 1996, farar hula ba ya mallakar bindiga sai 'yan tsiraru masu izini na musamman, kamar mafarauta a wasu yankuna da ƙungiyoyin wasan harbi. Sashe na 128 na dokar manyan laifuka ya yanke ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga mai riƙe bindiga ko harsashi ba izini, in laifin ya tsananta daga 3 zuwa 7. Sashe na 125, mai magana kan ƙerawa da saye da sayarwa da jigila da adanawa, ya fara daga shekara 3 zuwa 10, yana iya kaiwa rai da rai, har ma da kisa. Fasa-ƙwaurin makami ta kan iyaka kuwa sashe na 151 ne, shi ma yana kaiwa rai da rai.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne ma'anar kalmar bindiga a wurinsu. Ma'aunin 'yan sandan ƙasar ya sauko ƙasa ƙwarai, har wasu bindigogin iska da mu za mu kira abin wasa suna faɗawa ciki. A Disamban 2016 wata kotu a Tianjin ta yanke wa wata mata mai rumfar harbin balan-balan ɗaurin shekara uku da rabi, sai a ɗaukaka ƙara aka mayar da shi ɗaurin talala bayan jama'a sun yi ca. Wani matashi kuma da ya yi odar bindigogin kwaikwayo 24 daga Taiwan ta intanet, an yanke masa rai da rai a 2015, sai a ƙarshen 2018 aka rage zuwa shekara bakwai da wata uku. Waɗannan 'yan ƙasa ne, masu harshe da dangi da lauyoyi. Ina jan hankalin masu sayen kayan wasan yara na Salla musamman: duk abin da ke harba ƙwaya da ƙarfin iska, a tambayi wakilin jigila a rubuce kafin a biya kuɗi. Haka riga mai sulke da kakin soja da jirgi maras matuƙi. Najeriya ba ta barin su shiga sai da takardar izini daga ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Yanzu mu koma ga ma'aunin Annabi Yusuf. Wane tashin hankali ne ya taɓa samunmu a nan? Ina Nansha ranar 16 ga Satumba, 2018, lokacin da guguwar Mangkhut ta afka wa lardin Guangdong. An kwashe mutum fiye da miliyan biyu daga gaɓar teku, an rufe makarantu da wuraren aiki, an tsayar da jirage. Mu da ke bakin Kogin Lu'ulu'u mun kwana muna jin tagogi suna rawa. Abin da na nema a daren nan shi ne ruwan sha, da tocila, da batirin cajin waya, da maganin hawan jinin maƙwabcina. A ƙasar da ko ƙosai, in da ana toya shi, da waya za a biya, mutuwar waya daidai take da yankewar aljihu. Tun daga ranar nake ajiye 'yan takardun kuɗi a cikin fasfo.

Sai Afrilun 2020, wanda duk ɗan Afirka da ke Guangzhou ba zai manta ba. Da annobar korona, aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi da jakunkunansu, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zauna da jakadan Sin a Abuja a kan batun. Ni ma mai gidan da nake haya ya ba ni kwana biyu. Wallahi na ji zafin da ban taɓa ji ba. Amma da akwai bindiga a ƙarƙashin katifata, me za ta yi mini? Abin da ya cece ni takardar rajistar wurin zama ce, wadda doka ta ce baƙo ya yi a ofishin 'yan sanda cikin awa 24, da biza mai rai, da wani abokin ciniki Basine da ya ɗaga waya ya tsaya mini, da 'yan'uwa da suka haɗa shinkafa da mai aka raba. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa domin in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. A watan nan na gane hadisin da idona.

Idan zuciyata ta yi nauyi nakan hau jirgin ƙasa layi na 4 zuwa ƙarshensa, in taka zuwa dutsen Dajiao. Akwai kufan sansanin igwa a can, yana kallon mashigin Humen, inda Lin Zexu ya lalata tarin ofiyom ɗin 'yan kasuwar Ingila a Yunin 1839. Daular Qing ta jera ɗaruruwan igwa a gaɓa biyu da tsibiran tsakiya domin tsare hanyar shiga Guangzhou. Ranar 7 ga Janairu, 1841, sansanin Dajiao da na Shajiao suka faɗi a yini guda. Ranar 26 ga Fabrairu sauran suka bi, aka kashe kwamandan ruwa Guan Tianpei yana kan aikinsa. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, ƙarfe ma haka. Igwan a kafe suke suna fuskantar ruwa, abokan gaba kuwa suka zo da jirgi mai tururi, suka sauke soja suka zagayo ta baya. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ganuwar Kano ma ta ga irin wannan rana a Fabrairun 1903.

Saura maganar gida, kuma a nan ba zan yi muku daɗin baki ba. Kare kai halal ne. Hadisi ya kira wanda aka kashe yana kare iyalinsa ko dukiyarsa shahidi. Mutumin da ke kwana a daji da 'ya'yansa ba ya bukatar wa'azi daga mai kwana a hawa na goma sha biyu a Nansha. Hatta masu mulki sun furta abin da ƙanena ya furta: Aminu Bello Masari ya ce wa Katsinawa su kare kansu a 2021, Bello Matawalle ya ce wa Zamfarawa su nemi lasisin bindiga a Yunin 2022, babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya mayar masa da cewa gwamna ba shi da wannan iko. Dokar makamai ta 1959 ta bar izinin a hannun shugaban ƙasa da 'yan sanda. Talaka na tsakiya, an ce masa kare kanka, an kuma riƙe mabuɗin.

Duk da haka ban saka komai a ƙarƙashin tayil ba, kuma ba tsoron kurkuku kaɗai ya hana ni ba. Kwantenata ta haɗaka ce, akwai kayan mutum goma a ciki, har da jarin wata bazawara a Kantin Kwari. In aka kama ta, amanarsu na ci. A Janairun 2017 kwastan sun kama bindigogi 661 a Legas a ɓoye cikin ƙofofin ƙarfe, a 2024 suka kama 844 da harsashi 112,500 a tashar Onne. Wa zai rantse mini cewa waɗanda suka kuɓuce ta irin wannan hanya ba su ne a hannun masu kora shanunmu ba? Kuɗin da ƙanena zai kai wa dillalin daji, dillalin nan shi ne mai sayar wa ɗaya ɓangaren. Mun kuma ga abin da ya faru a Zamfara: 'yan sa-kai sun fara da kyakkyawar niyya, da babu mai tsawata musu sai aka shiga kashe Fulani a kasuwa bisa zargi, ramuwar gayya ta dawo kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Bindigar da aka saya domin ɗan fashi ba ta komawa kanti idan ya tafi. Tana nan ranar rikicin iyakar gona, tana nan ranar rabon gado.

Hanyar da ke da rajista da horo da mai tuhuma tana nan, ko da ba ta wadatar ba. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Na ce wa ƙanena, duk matashin garinmu da aka ɗauka ta hannun hakimi da hukuma, ni zan riƙa taimaka wa iyalinsa. Na tura kuɗin hayar ɗaki biyu a Funtuwa domin Inna da yara, da na faifan sola da wayoyi uku, ɗaya a gidan mai unguwa, ɗaya a masallaci, ɗaya a ƙauyen gabas, don a riƙa sanar da juna kafin babura su iso.

Ya karɓi kuɗin, ya yi godiya irin ta ƙane ga wa, gajeriya. Inna ta koma Funtuwa da jikoki huɗu. Shi ya ƙi tashi, ya ce dawa ta fara fitar da kai, ba zai bar ta ba. Ina kiransa kullum bayan na yi asuba a nan, lokacin can dare bai raba ba, kuma har yau bai sake tayar da maganar tayil ba.