Tsanin Waƙa

Wanda ya ƙetare gadar Kaduna ya nufi kudu, zai tarad da unguwanni kamar su Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha. Tun da aka buɗe masaƙa a Kakuri cikin 1957, mutane suka yi ta kwararowa neman aiki daga ƙasashe dabam dabam, kowa ya zo da irin waƙar garinsu. Don haka mai kasa kunne a nan ya kan ji kalangu, ya ji goge, ya ji kuma masu waƙar coci suna bin fiyano. Wata waƙa ta kan sa mutum nishaɗi, wata kuwa ta sa jikinsa ya yi sanyi tun bai gane kalmominta ba. To, me ke kawo haka?

Muryoyin waƙa a jere su ke kamar matakan tsani, daga ƙasa zuwa sama. Tsanin da a ke koyarwa a makaranta matakansa bakwai ne: do, re, mi, fa, so, la, ti, sa'an nan a komo kan do. Wani malami a ƙasar Italiya, mai suna Gwido, shi ya fara raɗa wa shida daga cikinsu suna, yau kusan shekara 1,000 ke nan.

Amma tazarar matakan ba ɗaya ba ce. Tsakanin mi da fa rabin taki ne, haka kuma tsakanin ti da do. Sauran duka cikakken taki ne.

Kowace waƙa tana da mataki guda inda ta ke komawa ta huta, watau gidanta. In gidan do ne, Turawa su kan ce waƙar manja ce. In kuwa aka tashi daga la aka hau har wani la, su kan ce maina ce. Ga asirin bambancin. Daga do zuwa mataki na uku, watau mi, taki biyu ne cif. Daga la zuwa mataki na uku, watau do, taki ɗaya da rabi ne. Wannan ɗan rabin taki da ya ragu shi ke sa maina ta yi sanyi a kunne.

A kan iya mai da kowane mataki gida. In aka tashi daga re aka ƙare a re, sai a ji wani launi dabam, wanda a ke kira Doriyan. Matakan dai su ne, wurin farawa kawai aka sake, kamar mutum ya shiga kasuwa ta wata ƙofa.

Yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa kuwa matakai biyar su ke bi, ba su taka fa da ti, don haka babu rabin taki a cikinsu. Wanda ya danna baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai zai ji irin wannan jeri. Shi ma a kan aza gidansa a kan do ko a kan la. Kada yaro ya zaci ƙarancin matakan nan kasawa ce. Mutanen Sin da na Sikotilan ma suna da waƙoƙi masu yawa a kan matakai biyar. Kuma da kuntigi mai tsirkiya ɗaya Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, ya yi suna har ƙasashen waje.

Akwai kuskure guda da ya kamata a guje wa. Ba kowace waƙar maina ce ta baƙin ciki ba, gama saurin kiɗa da ma'anar kalmomi su ma suna da nasu aikin. Sau da yawa a kan yi rawar biki da waƙar da gidanta la ne. Mai son gane tsani sai ya saurari inda waƙa ta sauka ta huta, gama nan ne gidanta.

Tambayoyi

1. Ina ne rabin taki ya ke a tsani mai matakai bakwai?
2. Mene ne bambancin manja da maina?
3. Waɗanne matakai ne yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa ba su takawa?
4. A rera tsani daga do zuwa do, sa'an nan daga la zuwa la, a faɗi abin da aka ji.